Shin laburaren jami'a na koya mana bincike da gaske, ko zagayen kantoci kawai ake yi da mu?

Ɗalibar_Kundi:
Assalamu alaikum malamaina da 'yan'uwana ɗalibai. Ina rubuta kundin digiri na biyu a fannin nazarin zamantakewa, kuma a makon jiya malamin da ke duba aikina ya dawo mini da babi na biyu, wato bitar ayyukan da suka gabata, ya rubuta da jan biro cewa manazartata sun tsufa, kuma yawancinsu daga kundayen ɗaliban da suka riga ni na kwaso su, ba daga mujallun ilimi ba. Da abin ya ishe ni na nufi laburare, sai wata ma'aikaciya ta zaunar da ni a gaban kwamfuta, kuma kafin a kira sallar azahar ta nuna mini rumbunan maƙalu waɗanda jami'armu ta daɗe da samun izinin shiga, alhali na yi shekara 4 ina digirin farko a wannan haraba ban taɓa jin ko sunansu ba. Na ci jarrabawar kwas ɗin amfani da laburare a aji ɗaya da maki mai kyau, amma ranar da na bukaci ilimin sai na tarar babu shi a kaina. Shin hanyar da ake bi wajen koyar da mu ce ba ta yi ba, ko kuwa mu ɗalibai ne ba mu mai da hankali?

Tsohon_Ma'aikaci:
Wa alaikumus salam 'yata. Na yi aikin laburare a jami'a har na yi ritaya, kuma ba yau na fara jin irin wannan koke ba. A yawancin jami'o'inmu koyarwar tana zuwa ne a matakai uku. Akwai zagayen da ake yi da sababbin ɗalibai a makon wayar da kai, inda ake nuna musu sashen aro, da sashen littattafan da ba a fita da su, da ɗakin mujallu. Akwai kwas ɗin da kika ambata, wanda ke cikin kwasa-kwasan bai-ɗaya na aji ɗaya. Sai kuma tarukan bita da ake shirya wa ɗaliban manyan digirori da malamai lokaci zuwa lokaci. Inda gizo ke saƙar shi ne lokacin da ake koyarwar. Yaron da ya shigo jami'a jiya, bai gama sanin hanyar ɗakin kwanansa ba, ba shi da wata tambaya ta bincike da ke hana shi barci, saboda haka duk abin da ka faɗa masa game da rumbun maƙalu zai haddace ne ya zuba a takardar jarrabawa ya manta. Ke kuwa da kika je da jan biron malaminki a hannu, abin da kika koya a zama ɗaya ya fi na zango guda, domin ƙishirwa ce ta kai ki rijiya.

Bazazzagi_82:
Baba Tsohon_Ma'aikaci, ban yarda a raina koyarwar aji ɗaya ba. Ni a Laburaren Kashim Ibrahim na Jami'ar Ahmadu Bello na koyi karanta lambar da ke bayan littafi tun zamanin da ake jan aljihun katako cike da katuna, kuma har yau ina cin moriyar wannan darasi. An koya mana cewa tsarin jera littattafan na Laburaren Majalisar Dokokin Amurka ne, wanda ke raba ilimi da haruffa, ta yadda Musulunci yake ƙarƙashin BP, aikin gona yake S, likitanci yake R, tarihin Nijeriya yake DT 515, harshen Hausa kuma ya fara daga PL 8231. Wanda ya san wannan, idan ya je ɗauko littafi ɗaya sai ya dawo da biyar, domin maƙwabtan littafin a kanta duk dangin maganarsa ne. Da na je karatu waje na tarar da tsari iri ɗaya, ban nemi jagora ba. Ba a fafe gora ranar tafiya, kuma ɗalibin da aka bari sai ya isa aji huɗu kafin a nuna masa ƙofar laburare, an makara da shi.

Injiniya_Gobe:
Yallaɓai Bazazzagi_82, zamaninku daban ne. A inda nake karatu an yi mana wannan kwas ne a babban zauren lacca, mun cika shi har wasu na tsaye a bakin taga, malamin yana magana da lasifikar da ke yankewa, kuma har zango ya ƙare babu ranar da aka kai mu gaban kwamfuta ko gaban kanta. A jarrabawa an tambaye mu shekarar da Melvil Dewey ya fitar da tsarinsa na jera littattafai, na rubuta 1876 na samu maki, amma ba wanda ya taɓa cewa in nemo maƙala ɗaya a kan wani batu in kawo. Ta yaya za a koya wa mutum iyo a kan tudu?

Malama_Mai_Rumbu:
Ni ma'aikaciyar sashen intanet ce a laburaren wata jami'ar tarayya, kuma ina so in bayyana abin da muke koyarwa idan mutum ya zo, domin da yawa ba su san abin da ke jiransu ba. Babban abin da muke fara nunawa shi ne shirin Research4Life, wanda haɗin gwiwa ne tsakanin hukumomin Majalisar Ɗinkin Duniya da wasu jami'o'in Amurka da manyan kamfanonin buga mujallu, domin cibiyoyin ilimi na ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi su samu maƙalu kyauta ko da kuɗi kaɗan. Yana da rassa biyar. Hinari na fannin lafiya ne, Hukumar Lafiya ta Duniya ta fara shi a 2002. AGORA na aikin gona ne, ya zo a 2003 ta hannun Hukumar Abinci da Aikin Gona. OARE na muhalli ya biyo baya a 2006, ARDI na ƙirƙira da fasaha a 2009, sai GOALI na fannin shari'a a 2018. Jami'a ce ke yin rajista, ba mutum ɗaya ba, saboda haka laburare ne ke riƙe da bayanan shiga.

Amma ba jerin sunaye nake fara koyarwa ba. Idan ɗalibi ya zauna, tambayata ta farko ita ce me yake nema, sai in hana shi kwafe taken kundinsa gaba ɗaya cikin akwatin bincike, wanda shi ne kuskuren da kusan kowa ke yi. Bari in ba da misali da mai bincike a kan almajirci a Kano. Za mu zauna mu jera kalmomin da marubuta ke amfani da su, irin su almajiri da tsangaya da sunayen da Turawa ke kiran makarantun allo da su, mu haɗa su da kalmar OR domin duk wadda ta fito a kawo mana, sannan mu ɗaure su da Kano ta hanyar kalmar AND domin a taƙaita. Idan kalmomi biyu ne da dole su zo a jere, sai mu sa su cikin alamar zance. A rumbuna da yawa kuma, idan ka rubuta almajir ka ɗora alamar tauraro a ƙarshe, zai kamo maka almajiri da almajirai da almajirci a lokaci guda. Wannan darasi ba ya cin rabin awa, amma sai mutum ya ga yana aiki a kan nasa batun kafin ya zauna masa a kai.

Ɗalibar_Kundi:
Malama_Mai_Rumbu, wannan dabarar ta alamar tauraro ban san ta ba sai yanzu, Allah ya saka da alheri. Ina da ƙarin tambaya. An nuna mini JSTOR, na samu maƙalu masu inganci ƙwarai, amma yawancinsu ba na shekarun nan ba ne, alhali malamina sababbi yake nema.

Malama_Mai_Rumbu:
Ƙanwata, haka tsarinsa yake. JSTOR tun kafuwarsa a 1995 ma'ajiyar tsofaffin fitowar mujallu ce, kuma mujallu da yawa ba sa barin a saka sababbin fitowarsu a ciki sai bayan wasu shekaru, galibi 3 zuwa 5. Ki yi amfani da shi wajen gano tushen muhawarar da kike bita, sannan ki ɗauki taken muhimmiyar maƙala ki saka a Google Scholar, wato shafin Google na neman ayyukan ilimi, ki danna inda ake nuna waɗanda suka kafa hujja da ita daga baya. Ta haka tsohon aiki zai kai ki ga sabo. Ki kuma duba AJOL, rumbun mujallun Afirka da aka fara a 1998, domin a can za ki tarar da binciken da aka yi a gida.

Dakta_Ba_Suna:
Zan faɗi wata magana wadda abokan aikina ba za su so ba. Ana ta ɗora laifi a kan ɗalibai da ma'aikatan laburare, amma mu malamai muna da kaso babba a ciki. Ɗalibi ba ya zuwa inda malaminsa bai aike shi ba, kuma malamin da ke raba takardun lacca ya ce daga ciki jarrabawa za ta fito, ya riga ya rufe wa ɗalibansa ƙofar laburare da hannunsa. Bayan haka akwai girman kai. An taɓa shirya mana bita a tsangayarmu a kan amfani da rumbunan maƙalu, aka aika takardar gayyata ga kowa, amma mu bakwai muka zo, kuma dukkanmu ƙananan malamai ne. Daga baya wani babban malami ya same ni a ofis ya rufe ƙofa, ya ce in nuna masa yadda ake sauke maƙala, amma kada in gaya wa kowa. Na nuna masa da girmamawa, sai dai na yi ta tunanin ɗaliban digiri na uku da ke ƙarƙashinsa. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

Farfesa_Mai_Furfura:
Dakta, maganarka da gaskiya a ciki, amma ka yi wa dattawa adalci. Mu da muka rubuta kundayenmu da keken rubutu, muka yi ta aika wasiƙa ƙasashen waje muna jiran maƙala ɗaya wata biyu, ba ƙin ilimi muke yi ba. Matsalar ita ce yadda ake shirya bitar. Ka tara farfesa da ɗalibin da yake dubawa a aji ɗaya, mai koyarwa yana sauri kamar ana korarsa, wanda ya tsaya neman inda ake dannawa sai a bar shi a baya yara suna kallo. Ni abin da ya yi mini amfani shi ne lokacin da laburarenmu ya ware wa kowace tsangaya ma'aikaci guda da ya san fanninta. Namu yakan zo ofishina mu zauna mu biyu, in kawo masa batun da nake rubutu a kai, ya nuna mini hanya, ni kuma in gaya masa mujallun da masana fannin ke girmamawa. Kowannenmu ya ƙaru da ɗan'uwansa, kuma babu wanda aka kunyata.

Manazarcin_Hausa:
Duk abin da ake faɗa yana da kyau ga masu kimiyya da likitanci, amma mu da ke nazarin harshe da adabin Hausa damuwarmu daban ce, kuma ban ga ana koyar da ita ba. Da farko akwai haruffa masu lanƙwasa. Idan ka nemi waƙa da ƙ, ba lallai ne ka samu aikin da aka buga da k zalla ba, balle wanda aka buga a zamanin keken rubutu da ɗan waƙafi a gefen harafin, kamar k'. Dole mai bincike ya gwada kowace siga. Haka sunan Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, wanda za ka tarar an rubuta shi Usman dan Fodio a wani wuri, Uthman ibn Fudi a wani wurin. Na biyu kuma, mafi yawan ayyukanmu ba sa cikin waɗannan manyan rumbuna kwata-kwata. Suna cikin kundayen digiri da ke jere a sassan Hausa na Kano da Zariya da Sakkwato, da mujallu irin su Harsunan Nijeriya ta Jami'ar Bayero, da tsofaffin fitowar Gaskiya Ta Fi Kwabo wadda ta fara fita a 1939. Ɗalibin da aka koya wa cewa duk ilimi yana cikin kwamfuta zai rubuta cewa ba a yi aiki a kan batunsa ba, alhali an yi kundi uku a kansa a jami'ar da ke maƙwabtaka da shi.

Ɗan_Damagaram:
Ina goyon bayan Manazarcin_Hausa, kuma zan ƙara da abin da muke gani daga wannan ɓangaren iyaka. Mu a Nijar da Faransanci ake rubuta yawancin bincike, saboda haka wanda ya nemi Hausa kawai bai nemi haoussa ba, ya bar rabin abin da aka rubuta a kan Hausawa, kuma wanda ya nemi Damagaram bai nemi Zinder ba haka. Akwai rumbun Persée na Faransa wanda ke ba da tsofaffin mujallun ilimi kyauta, akwai OpenEdition, akwai kuma Cairn wanda wani sashensa sai da kuɗi. Na lura 'yan'uwanmu na Nijeriya ba su cika sanin waɗannan ba, mu ma ɗalibanmu ba su cika leƙa abin da aka rubuta da Ingilishi ba, alhali Maraɗi da Katsina tarihinsu a haɗe yake. A Yamai kuma, Cibiyar Binciken Kimiyyar Ɗan Adam ta Jami'ar Abdou Moumouni tana da sashen rubuce-rubucen hannu na Larabci da ajami, wanda marigayi Boubou Hama ya yi ƙoƙari ƙwarai wajen tara tushensa. Wannan ma kayan bincike ne, kuma yana bukatar a koya wa mutum yadda zai tunkare shi.

Mai_Tonon_Tarihi:
Tunda an taɓo rubuce-rubucen hannu, bari in ce wani abu. Ma'ajiyar takardun tarihi ba laburare ba ce, kuma wanda ya shiga da tunanin laburare zai fito hannu rabbana. A laburare ana jera abu bisa batunsa, amma a ma'ajiyar tarihi ana ajiye takardu bisa ofishin da ya samar da su, don haka mai neman tarihin haraji a Kano a Ma'ajiyar Takardun Tarihi ta Ƙasa da ke Kaduna dole ya fara sanin yadda mulkin lardi ya kasance, sannan ya san jerin fayilolin da zai nema. Gidan Arewa da ke Kaduna, wanda aka kafa a 1970 a tsohon gidan Sardauna ƙarƙashin jagorancin Farfesa Abdullahi Smith, yana da nasa tsarin, haka ma Hukumar Tarihi ta Waziri Junaidu a Sakkwato. Ni ba a aji na koyi wannan ba, wani dattijon ma'aikaci ne ya tausaya mini bayan na yi kwana uku ina buɗe fayilolin da ba su shafe ni ba.

Injiniya_Gobe:
Malamai, da izininku mu dawo kan tambayar farko. Ko da an gyara koyarwar, a ina za a yi aikin? Sau da yawa nakan je sashen intanet in tarar babu wuta, ko akwai wuta babu sadarwa, wasu rumbunan kuma ba sa buɗewa sai kana cikin harabar jami'a. Shi ya sa yawancinmu muka koma neman maƙalu a zaurukan WhatsApp, wanda ke karatu a waje ya sauke ya turo mana.

Malama_Mai_Rumbu:
Injiniya_Gobe, ba zan musa maka batun wuta ba, domin ni ma a cikinsa nake kwana nake tashi. Ba sabuwar matsala ba ce, shi ya sa tun da daɗewa Jami'ar Cornell ta Amurka ta shirya TEEAL, tarin mujallun aikin gona da ake ɗora wa kwamfuta a yi amfani da shi ba tare da intanet ba. Sai dai ka sani cewa rumbun da ke gane mai shiga ta adireshin sadarwar jami'a shi ne ke tsare ka a haraba, wanda ake shiga da suna da kalmar sirri kuwa kana iya buɗe shi daga wayarka. Akwai kuma dubban mujallu da kowa ke karantawa kyauta, waɗanda aka jera a DOAJ, kundin da Jami'ar Lund ta Suwidin ta fara a 2003. Game da zaurukan WhatsApp, roƙona ɗaya ne, kada a riƙa watsa kalmar sirrin jami'a a cikinsu, domin idan masu rumbun suka ga ana shiga daga wurare barkatai ana sauke maƙalu babu ƙaƙƙautawa, suna iya rufe wa jami'ar gaba ɗaya, laifin mutum ɗaya ya shafi dubbai.

Dakta_Ba_Suna:
Ambaton DOAJ ya tuna mini da darasin da nake ganin malamai sun fi ɗalibai bukata, wato gane mujallun bogi. Ƙarin girma a jami'a ya rataya ne a kan buga maƙalu, kuma 'yan damfara sun san haka. Za ka ga saƙo ya shigo maka da yabo, ana cewa ka turo aikinka za a buga cikin mako guda idan ka biya, alhali mujallar ƙwarai sai ta aika wa masana su tantance, abin da kan ɗauki watanni. Wani ma'aikacin laburare ne a Amurka, Jeffrey Beall, ya yi suna wajen jera irin waɗannan mawallafa, kafin ya sauke jerin nasa a farkon 2017. Na san abokin aiki da ya zuba kuɗinsa a maƙalu huɗu, kwamitin tantancewa ya ƙi karɓar ko ɗaya. Da ya tambayi laburare tun farko, da an nuna masa yadda ake duba ko mujalla tana cikin Scopus, wato babban kundin mujallun ilimi da aka tantance, ko DOAJ, da yadda ake bincika ko mutanen da aka jera a matsayin editoci sun san ma an sa sunansu.

Farfesa_Mai_Furfura:
Dakta, a nan ma sai an yi hattara. Rashin kasancewar mujalla a Scopus ba ya nufin ta bogi ce. Mujallun sassanmu da yawa suna tantancewa da gaske, kuma kamar yadda Manazarcin_Hausa ya nuna, wanda ke rubutu da Hausa ba shi da wurin zuwa sai su. Abin da ya kamata a koyar shi ne yadda ake auna mujalla da idon basira, ba a miƙa wa mutum jeri guda a ce duk abin da ba ya ciki haramun ne ba.

Uwar_Biyu_Mai_Digiri:
Ni abin da ya cece ni a digiri na uku shi ne bitar awa biyu da laburarenmu ya shirya a kan Zotero. Kafin nan da hannu nake rubuta manazarta, ga goyo ga aikin ofis, kuma duk lokacin da na cire sakin layi sai jerin ya rikice. Zotero manhaja ce ta kyauta da ta fito daga Jami'ar George Mason a 2006, tana adana bayanan duk maƙalar da ka sauke, tana saka madogara a cikin rubutu, sannan ta jera manazarta da salon da aka bukata. Da makarantarmu ta koma bugu na 7 na salon jera manazarta da ake kira APA, wanda ya fito a 2019, abokan karatuna sun yi makonni suna gyara, ni kuwa dannawa kaɗan na yi. Gargaɗina kawai shi ne a riƙa duba sunayenmu, domin manhajar ba ta san wanne ne sunan mutum wanne ne na mahaifinsa ko na garinsu ba, takan juya su yadda ta ga dama.

Bakatsine_Mai_Shakka:
Ina karanta ku tun ɗazu, kuma ina ganin kuna gyaran rufin ɗakin da ruwa ya riga ya cinye. Tun da ChatGPT, mai amsa tambaya da yin rubutu ta hanyar ƙirƙirarriyar basira, ya fito a ƙarshen 2022, ɗalibai nawa ne za su zauna jera kalmomin nema? Tambaya ɗaya suke yi a rubuta musu babi sukutum da manazartarsa.

Tsohon_Ma'aikaci:
Ɗana Bakatsine, wannan ai hujja ce a kanka, ba a gare ka ba. Jikana ya kawo mini irin wannan babi in duba masa, na ɗauki manazarta goma na bi su ɗaya bayan ɗaya, sai na tarar wasu babu su a duniya, sunan marubucin na gaske ne, sunan mujallar na gaske ne, amma maƙalar ƙirƙira ce. Wanda bai san yadda ake bin maƙala zuwa shafin mujallarta ba, ko yadda ake gwada lambar DOI, wato lambar shaidar da ake ba maƙala a intanet, a ga inda za ta kai, ba zai taɓa ganewa ba. Haka batun Turnitin, shirin kwamfuta na duba kwafen rubutu da ɗalibai ke tsoro. Abin da yake aunawa shi ne kamanceceniyar rubutu, ba shi ke yanke hukuncin sata ba, don haka mutum na iya sauya kalmomi ya tsallake shi alhali tunanin wani ya ɗauke bai ambace shi ba. Idan laburare ya tsaya ga buga wa ɗalibi takardar sakamakon na'ura, bai koya masa dalilin da ya sa ake ambaton mai magana ba, to rabin aikin ya yi.

Bazazzagi_82:
To ai kun dawo kan maganata, Baba. Idan yaro zai fara amfani da waɗannan na'urori tun aji ɗaya, to tun aji ɗaya ya kamata a fara koya masa tantance abin da ya karanta, ba a jira ranar kundi ba.

Malama_Mai_Rumbu:
Yallaɓai Bazazzagi_82, ni ban ce a soke na aji ɗaya ba, cewa nake kada a tsaya a nan. Abin da na gwada ya yi aiki shi ne shiga cikin kwas ɗin dabarun bincike na aji uku da na manyan digirori. Malamin kwas ya ba ni lacca biyu daga cikin nasa, ɗalibai suka zo da batutuwansu, kuma ya sa maki a kan aikin da na ba su, wato kowa ya kawo maƙalu biyar ya bayyana inda ya samo su da dalilin da ya sa ya amince da su. Da babu makin nan, da rabinsu ba su zo ba. Wahalar ita ce abin ya dogara ga son ran malami, wanda ya yarda ya buɗe mana ƙofa, wanda bai yarda ba ya ce lokacinsa bai isa ba. Wasu har yanzu kallon masu gadin littattafai suke mana, alhali ma'aikacin laburare mai digirin fannin a jami'o'in Nijeriya yana cikin ma'aikatan ilimi, yana bincike yana buga maƙalu kafin a ƙara masa girma, shugaban laburare kuma yana cikin manyan jami'an gudanarwa na jami'a.

Dakta_Ba_Suna:
Malama, zan kai wannan shawara taron sashenmu, ko da yake na san za a ce manhajar karatu ta riga ta cika. Sai dai ku ma a naku ɓangaren a gyara yadda ake sanarwa. Takardar da aka manna a allon ƙofar laburare, wanda ya riga ya zo laburare ne kaɗai zai gan ta.

Ɗalibar_Kundi:
Na gode wa kowa da kowa. Har yanzu ban san ko in ce laifina ne ko na tsarin ba, domin Baba Tsohon_Ma'aikaci da Yallaɓai Bazazzagi_82 kowannensu ya faɗi abin da na ga alamarsa a kaina. Na gwada neman batuna da Faransanci kamar yadda Ɗan_Damagaram ya nuna, na samu maƙalu biyu a kan Maraɗi waɗanda suka yi daidai da abin da nake nema, sai dai Faransancina bai wuce gaisuwa ba. Ko akwai wanda zai taimaka mini da karanta su kafin ranar Litinin, lokacin da zan mayar wa malamina da babin?

Ɗan_Damagaram:
Ki turo mini takensu da sunayen mujallun ta saƙon sirri, 'yar'uwa, zan duba su bayan sallar isha'i in Allah ya so. Amma ki rubuta cikakken bayanin kowace maƙala tun yanzu, da shekara da lambar fitowa da shafuka, domin a manazarta taken Faransancin za ki saka, ba fassarata ba.